Golmon Gwamnati

Philemon ya iso Zuru ranar Juma'a da la'asar, da jaka ɗaya da kuma magana ɗaya da ya zo faɗa wa mahaifinsa: zai bar aikin soja. Saura 'yan watanni wa'adin da ya sa wa hannu ya cika, kuma wani kamfanin jiragen fasinja a Legas ya ce zai riƙe masa gurbi zuwa ƙarshen shekara, amma ba zai wuce nan ba.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka matuƙin jirgin soja yana ajiye aiki ne kamar malamin makaranta, ya rubuta takarda ya kwashe littattafansa. Ba haka ba ne. Ranar da aka maƙala masa alamar fukafukai a ƙirji, Philemon ya sa hannu cewa zai yi wa runduna aiki shekara goma kafin ya sami bakin cewa ya gaji, domin an kashe dukiya wajen koya masa tuƙi. Bai yi gardama ba. Yaro ne a lokacin, goma kuwa lamba ce kawai. Abin da ba wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa shi ne, kowane kwas da aka tura mutum yana zuwa da tasa wutsiyar. Na tuƙin dare ya ƙara masa shekaru, na koyar da ƙananan matuƙa ya ƙara wasu, har goma ta zama goma sha huɗu. Tun da ya gane haka yake kauce wa kwas kamar mai tafiya cikin ciyawar da aka ce akwai maciji.

Cikin waɗanda suka sami fukafukai tare da shi, wasu an binne su. Wasu kuma ranar da wa'adinsu ya cika ko shayin bankwana ba su tsaya sha ba. Abokinsa Somtochukwu, ɗan Nwankwo mai shagon kayan babur a bakin kasuwa, yana cikin masu tafiyar, kuma shi ya nemo masa gurbin na Legas. Duk wanda ya tafi, aikinsa kan waɗanda suka rage yake faɗawa. Su kuwa manya magani ɗaya suka sani, a ƙara wa igiya tsawo a ƙara mata ƙulli. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da ke sa lafiyayyen mutum ya riƙa cizon igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Matarsa Rachael ce kaɗai ta san abin da ya kawo shi. Malamar asibiti ce, kuma tun da suka yi aure take zaune a ɗaki da falo a bayan gidan surukanta, domin inda ake ajiye mijinta ba wurin iyali ba ne, kuma kafin a saba da wuri an sake ɗauke shi. A ɗakin nan ta haifi 'yarsu Praise, a nan ta yaye ta, daga nan take kai ta makaranta. Philemon ya yi mata alkawari cewa bana ce ta ƙarshe.

Da ya shiga gida ya tarar an yanka akuya. Mahaifiyarsa Monica tana bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, mahaifinsa kuwa, Saje Haggai, tsohon sojan ƙasa da ya je Laberiya ya dawo da gwiwa mai ciwo, ya miƙe daga kujerarsa ya ƙame ya sara masa.

"Kyaftin ya sauka. A ina aka ajiye jirgin, ko an bar shi a tasha tare da 'yan kabu-kabu?"

Philemon ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce sojan sama ba sa cin abinci, iska suke sha, shi ya sa wandonsa ke neman faɗuwa. Ya yi ta dariya ba tare da an faɗi abin dariya ba. Rachael ta gaya wa mijinta a ɗaki cewa Baba ya yi makonni a haka, yana sa rigarsa ta zuwa coci ranar da ba Lahadi ba, ya fita ya dawo yana fito. Ta ce gara ya faɗa masa tun yana cikin wannan farin cikin. Suka tsayar da safiyar Asabar, a gona, inda ba kunnen kowa.

A Zuru da wuya ka shiga gidan da ba hoton mai kaki a bango. Muna alfahari da wannan har mun mayar da shi kamar amfanin gona: wasu garuruwa suna fitar da albasa, mu muna fitar da sojoji. Muna goge hotunan kowace Kirsimeti, mu nuna wa baƙi, mu lissafa muƙamai. Ba mu taɓa tambayar mai hoton ko yana son saukowa daga bangon ba.

Da safe Philemon ya goya mahaifinsa a babur zuwa gonar da ke gindin dutse. Ita kaɗai ake nomawa yanzu, ta nesa an bar wa ciyawa saboda 'yan bindiga. Dawa ta kai gwiwa, ƙasa jiƙe da ruwan da aka yi. Saje Haggai ya nuna wani fili can gaba da sandarsa, ya fara labarin da Philemon ya ji tun yana yaro. A can ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya damina bayan damina kafin a ba shi mata. Shekara bakwai shi da sa'o'insa suna duƙe a gonar baban Monica, tun asuba har rana ta karya, ba wanda ya isa ya miƙe ya ce bayansa na ciwo, domin 'yan mata na kallo kuma akwai waƙar da ake yi wa rago. Ya ce golmo ce ta sa da ya shiga soja horon ya zame masa wasan yara.

Philemon ya jira labarin ya ƙare. Ya ce, "Baba, akwai maganar da na zo da ita."

Tsohon ya ɗaga hannu. Ya ce tasa ta riga, kuma ya san tasa za ta haɗiye ta ɗan.

Ya ce ya daɗe yana lura. Ɗan wane an tura shi ƙasar waje, ɗan wane ma ya je ya dawo da hotuna cikin dusar ƙanƙara, shi kuwa nasa ɗan shekara biyu ko Kaduna ba a tura shi kwas ba. Ya san abin da wannan ke nufi. Shekara talatin ya yi a bariki, ya san yadda ake danne yaron da ba shi da kowa a sama. Ya kwana yana tunani, sai ya sa riga ya tafi wurin Kanar Philip, tsohon hafsan da ya yi ritaya ya dawo gida, wanda Saje ya taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa. Ya yi ta zarya, ya zauna a ƙofar gidan kamar mai neman aure. Kanar ya kira wani tsohon abokinsa a hedikwata. Yanzu magana ta faɗa: sunan Philemon yana cikin waɗanda za a tura ƙasar waje koyon tuƙin sabon jirgi.

"Ban bar maka gidan sama ba, ban bar maka shanu ba," in ji tsohon. "Wannan shi ne abin da na iya."

Philemon ya tsaya yana kallon dawar. Ya ciro waya ya matsa gefe ya kira magatakardan sashensu. Mutumin ya taya shi murna, ya ce sunan ya iso jiya, suna jira ne ya dawo ya sa hannu. Philemon ya tambayi wutsiyar wannan kwas ɗin. Shekara biyar, daga ranar da ya dawo ƙasar.

Ya koma wurin mahaifinsa ya bayyana masa komai a hankali, yadda ake bayyana wa majinyaci sakamakon gwaji. Ba danne shi aka yi ba, shi ne ke ɓoyewa. Ya gaya masa maganar Legas, da alkawarin da ya yi wa Rachael. Ya gaya masa cewa akwai makon da yake tashi da jirgi ba tare da ya yi barcin kirki ba domin babu wanda zai karɓe shi, kuma ya fara tsoron hannuwansa.

Saje Haggai ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya harshe zuwa C'lela, yarensu na gado, abin da yake yi in ransa ya ɓaci. Ya ce a gidansu ba a taɓa yin wanda ya jefar da garma a tsakiyar golmo ba. Ya ce gwamnati ta ɗauki ɗan Saje ta ɗora shi a sama, yau kuma ɗan Saje zai ce ya fi son ya riƙa kai 'yan kasuwa Abuja suna cin biskit.

"Ba tsakiya ba ce, Baba. Na kai ƙarshen kunyata. Kakana bai ƙara muku gona ba ranar da kuka zo ajiye garma."

"Ya ƙara," in ji tsohon. "Da na cika bakwai ya ce damina ɗaya ba ta yi kyau ba, ba za a ƙirga ta ba. Na koma na yi ta takwas. Ka ji na mutu?"

"Ku da kuka gama an ba ku Mama. Ni in na gama me za a ba ni? Wani golmon."

Tsohon ya juya ya nufi babur. Ya ce a mayar da shi gida, gwiwarsa ta fara. A hanya ya ƙara magana ɗaya daga bayan babur, cewa gobe akwai godiya a coci, ya riga ya gaya wa Fasto, an buga sunan Philemon a tsarin sujada.

Rachael tana shanya kayan makarantar Praise lokacin da ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta matse rigar da ke hannunta har ruwan ya ƙare ta ci gaba da matsawa. Ta tambaye shi ko ana iya ƙin zuwa kwas. Ya ce a rubuce ana iyawa.

"To, Baban Praise, je ka wurin wanda ya ƙulla ya kwance. Ni na gama nawa zaman. Ban yi maka gori ba ko sau ɗaya, kada ka sa in fara yau."

Kanar Philip yana bayan gidansa yana watsa wa talo-talo dawa lokacin da aka shigo da Philemon. Ya rungume shi, ya kira shi ɗana, ya sa aka kawo lemo. Ya ce ba sai an yi godiya ba, ai Saje ya taɓa ɗauke shi a kafaɗa a wani daji da ba ya son tunawa. Philemon ya bari ya gama, sannan ya roƙe shi, cikin ladabi, ya sake kiran abokin nasa a cire sunan.

Kanar ya ajiye kwanon dawar. Ya ce gurbin nan ba a ƙasa aka tsince shi ba, sunan wani aka goge aka sa na Philemon, kuma wanda ya goge ɗin ya yi ne don darajar Kanar. In ya koma ya ce yaron ba ya so, da wane baki zai sake roƙa wa wani ɗan Zuru abu? Sannan ya rage murya ya faɗi abin da Philemon ya riga ya sani. Hafsan da ya ƙi kwas don yana shirin tafiya, takardarsa ta barin aiki tana iya kwana a teburi ana dubawa har kamfanin Legas ya manta sunansa. Ƙasa tana cikin yaƙi, ana bukatar matuƙa, ba wanda zai ce an yi masa ba daidai ba.

"Ranka ya daɗe, ana bukatarmu ne saboda kowa na gudu, kuma kowa na gudu ne saboda an san in ka tsaya ba a sakinka. Da mutum ya san ranar fitarsa tabbas ce, da yawa za su zauna da kansu. Yanzu yaran da muke koyarwa tun ba su iya sauka ba suke ƙirga ranar tafiya."

Kanar ya yi murmushi ya ce maganar tana da ma'ana, ya kamata wani ya rubuta ta ya aika sama. Ya ce su a zamaninsu ba a tambayar soja ra'ayinsa, kuma ga shi sun rayu. Haƙuri dai. Shekara biyar kamar gobe ce.

Wannan kalma ta haƙuri, da ana noma ta, da Zuru ta ciyar da ƙasar nan. Wanda ya riga ya fita shi ya fi kowa iya rabon ta ga wanda ke ciki.

Da Philemon ya miƙe zai tafi, Kanar ya raka shi har ƙofa. Ya ce in dai ya nace, hanya ɗaya ce: gobe a coci, in aka ba shi dama, ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifinsa da jama'a cewa ba ya so. In ya iya wannan, shi Kanar zai ɗauki waya ranar Litinin ya sha kunyar.

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje. Rabin mutanen da ke kujerun baya ba 'yan gari ba ne, mutanen ƙauyukan wajen Wasagu da Sakaba ne da suka gudo suka raɓe a gidajen dangi da azuzuwan makaranta. Bayan wa'azi Fasto ya sanar da godiyar iyalin Saje Haggai. Zumuntar mata suka ɗauki waƙa, aka buga tulu da ganga, iyali suka taso daga baya suna rawa zuwa gaba. Saje yana kan gaba da lambobinsa a ƙirji, ya manta da gwiwa. Monica tana biye tana share ido da bakin zane. Rachael ta riƙe hannun Praise tana tafiya, ƙafafunta ba sa bin kiɗan.

Philemon ya shirya maganarsa tun a gida. Gajera ce. Zai gode wa mahaifinsa, ya gode wa Kanar, ya ce ya yi shekara goma sha huɗu kuma ya isa.

Kafin a miƙa masa abin magana, wata mata daga kujerun baya ta nemi izini. Sunanta Gladys, ta ce, daga wani ƙauye bayan Wasagu. Ta ba da labarin ranar da 'yan bindiga suka shigo musu ana tsakar shuka, suka kashe mijinta a bakin rijiya, suka tara mata da yara a gindin tsamiya za su kora su daji. Sai aka ji ƙarar jirgi. Mutanen suka hau baburansu suka watse. Ta ce tun ranar take tambaya, aka ce mata ai ɗan Saje ne na Zuru ke tuƙa irin wannan jirgin. Yau da ta ji za a ƙara masa ilimi ya dawo da wanda ya fi shi, ta ce ba za ta bar cocin nan ba sai ta taɓa hannunsa.

Ta zo ta kama hannun nasa da nata biyu. Tafinta kaushi gare shi kamar ɓawon itace. Philemon bai san ko shi ne ba. Ya tashi sau da yawa a wannan yankin, wasu ma sun tashi, kuma daga sama duk tsamiya iri ɗaya ce. Abin da ya sani shi ne, cikin matuƙan da wataƙila su ne suka tuƙa jirgin a ranar, biyu sun riga sun tafi, ɗaya yana kabari.

Fasto ya miƙa masa abin magana. Kanar Philip yana kujerar gaba ya harɗe hannuwa yana kallonsa, ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake. Saje Haggai ya ƙame kamar a fareti. Philemon ya nemi idon Rachael, ya same shi, ba ta kawar ba.

Ya buɗe baki. Ya gode wa Allah. Ya gode wa mahaifinsa da ya yi masa abin da uba ke yi wa ɗa. Ya gode wa Kanar. Ya tsaya, numfashinsa na fita ta lasifika kowa na ji. Matar nan har yanzu ba ta saki hannunsa na hagu ba.

"Ku ci gaba da yi mana addu'a," ya ce.

Aka ce amin da ƙarfi, ganga ta dawo.

A gida an cika tsakar gida ana cin shinkafa da naman akuya. Philemon ya zagaya baya ya tarar da Rachael zaune a bakin gado, ta cire ɗankwalin coci ta ninke shi a cinya. Ya fara cewa zai nemi a ba shi gida a bariki in ya dawo, zai yi magana da wani, wataƙila a wannan karon a duba. Ta bar shi ya yi ta magana har ya ji kunyar muryarsa ya yi shiru.

Ta ce ba ta zarge shi ba, ita ma ta ga matar, kuma da ita aka riƙe wa hannu ba ta san abin da za ta ce ba. Amma ta ce ba za ta ƙara shekara biyar a ɗakin nan ba. Za ta nemi canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, ta kama haya ita da Praise, duk ranar da aka sake shi ya san inda zai same su. Baba zai ce ta raina gidansa, mutane za su yi magana, ta ce su yi.

Sannan ta ɗauki wayarsa daga kan tebur ta miƙa masa.

"Kira Somto. Kada ka bar shi yana riƙe maka wuri, akwai mai so."

Philemon ya karɓa. Daga tsakar gida ana jin muryar Saje yana ba wasu baƙi labarin ƙasar da za a tura ɗansa, yana kuskuren sunanta ana gyara masa. Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Somtochukwu yana cikin hayaniyar filin jirgi, muryarsa cike da fara'a, da Hausarsa ta bakin kasuwar Zuru.

"Mutumina, ka faɗa wa tsoho? Yaushe za mu sa ranka?"

Philemon ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofa.

"Ka ba wani," ya ce.